Inda Motar Take Kwana

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu da Sallah, don ina jin ku daga ɗakina. Wai mahaifinku ne kaɗai mutumin da ya kwashe iyalinsa daga birnin Kano ya kai su Kazaure don a rage masa kuɗin inshorar mota. Sadiq ya fi kowa iya ba da labarin, har da kwaikwayon muryata, kuma ban ce bai iya ba. Ban taɓa musa muku ba, domin akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba ita ke nan ba, kuma ina tsoron in na yi shiru 'ya'yanku za su tashi suna zaton iyakar labarin ke nan. Zan faɗe shi yadda na tuna. Inda na manta zan ce na manta. Inda mahaifiyarku take da nata bayanin, ku tambaye ta, don har yau ba a kan komai muka daidaita ba.

A shekarar da nake magana ina aiki a wani ofishin harkar noma a Kano, muna haya a Kurna. Ummi tana ajin ƙarshe na sakandare, Sadiq yana firamare, Walida kuma ana goyonta. Mamanku tana da shagon ɗinki a bakin titi, da 'yan mata masu koyo a hannunta, kuma in zan faɗi gaskiya akwai watannin da shagon nan ya fi albashina riƙe gidan. Ita Bakanuwa ce gaba da baya, mahaifiyarta tana Fagge, ƙawayenta da masu kawo mata ɗinki duk a birni suke. Ni kuwa ɗan Roni ne da karatu ya kawo Kano, aiki ya riƙe. Ina zuwa gida da Sallah da rasuwa, ina aika abin da ya samu a ƙarshen wata, kuma a lokacin ina ganin hakan ya wadatar.

Da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Baffa, wato mahaifina, ya faɗi a gona. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka daina jin maganarsa, harshensa ya yi nauyi. Aka ce in ana so ya sake takawa, sai a riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti a Kazaure cikin ranakun aiki, ba fashi. Wannan ɗawainiya ta faɗa kan Yaya Ado, yayana, wanda ya zauna a gida yana noma yana kuma kai hatsi kasuwar Babura. Ranar da na fara ganin yadda ake tafiyar ban yi barci ba. Ɗan acaɓa a gaba, Baffa a tsakiya, Yaya a baya ya rungume shi, an ɗaure su da rawani don kada ya zame. Suna tashi takalmin ƙafar daman ya fice ya faɗi, yatsunsa suna jan ƙasa, shi kuma bai sani ba. Ni na tsinci takalmin. Ina riƙe da shi na yanke cewa zan sayi mota, ni da ban taɓa yanke wani abu a tsaye ba.

Ba ni da kuɗin mota, sai na nemi rance daga ƙungiyar adashen ma'aikatanmu. Suka ba ni da sharaɗi guda: sai an yi wa motar cikakkiyar inshora har in gama biya. Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, inshorar mota iri biyu ce. Akwai ta dole, wadda ake nuna wa jami'an hanya, wadda take biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma a iya sanina kuɗinta ɗaya ne ko a ina kake. Akwai kuma cikakkiya, wadda take biyanka kai ma idan an sace motar, ko ta ƙone, ko ta yi haɗari. Kafin in je ma sai da na tambayi malamai biyu ko abin ya halatta, suka ba ni amsa biyu, na tambayi na uku ya ce in nemi irin ta takaful, wadda aka gina a kan taimakekeniya. Ita na nema. Na sayi wata ƙaramar mota ta hannu mai ruwan toka, na bar ta wurin dillali, na tafi ofishin inshorar.

Wanda ya karɓe ni wani ne Malam Sunusi, mutum mai fara'a, mai saurin magana. Ya tambayi shekarar motar da lafiyarta, ina amsawa, sannan ya ce:

"A ina za ta riƙa kwana?"

Na ce a Kurna, a ƙofar gida, don gidan hayar ba shi da wurin ajiye mota. Ya ɗan tsuke baki, ya faɗi kuɗin. Na ce kai, ya yi yawa haka? Sai ya juyo da kujerarsa ya yi mini bayani, kamar wanda ya saba. Ya ce motar da take kwana a titi a cikin birni ba ɗaya take da wadda take kwana a cikin gida a ƙaramin gari ba. A birni ga ɓarayi, ga masu kwance madubi da batir, ga cunkoso, ga 'yan adaidaita sahu da za su goge maka fenti su ba ka haƙuri su wuce. A Kazaure ko Roni ko Gwiwa abin da sauƙi. Babura kuma lissafinta daban, saboda kusancinta da iyakar ƙasa, don motar da ta tsallaka ba kasafai ake sake ganinta ba. Ban ce haka kowane kamfani yake yi ba, ban kuma ce haka abin yake yanzu ba. Abin da aka gaya mini a wancan ofishin ke nan.

"Ba halinka muke aunawa ba, Malam," in ji shi. "Unguwarka muke aunawa."

Yana duba katin aikina sai ya ga asalina.

"A'a, ashe ɗan Roni ne! To me ya kawo wahala? Mu sa Roni mana. Ba gidanku ba ne?"

"Gidanmu ne, amma ba a can za ta kwana ba."

"Wa zai bi ta da tabarma ya ga inda take kwana?"

"To idan aka sace ta a Kurna fa?"

"Sai ka ce ziyara ka zo."

"Idan aka tambayi maƙwabta suka ce kullum a nan take?"

Ya yi dariya har da buga tebur.

"Malam, ba a sace maka ko taya ba tukuna, har ka kai mu kotu!"

Na ce zan je in yi tunani. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba, ko da yake ina fata yana ciki. Akwai kuma tsoron in wayi gari babu mota, ga bashi, kamfani kuma ya ce na yi masa ƙarya. Ni dai ban iya riƙe magana biyu a kaina ba, ta gaskiya da ta faɗa wa mutane. Sai in ruɗe.

Da na gaya wa Mamanku, tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To ka biya na Kano mana, Baban Ummi. Bambancin ya kai buhun gero?"

Bai kai ba. Tana da gaskiya, kuma da a nan maganar ta tsaya da ba mu bar Kano ba. Amma tambayar mutumin nan ta ƙi barin kaina, ba don kuɗin ba. Idan motar tana kwana a Kurna, wa za ta kai asibiti ranar Litinin da safe? Ni ina ofis, ita tana ƙofar gida, Baffa yana Roni a kan acaɓa. Na ci bashi na sayi mota saboda mutumin da yake can, na kuma shirya ajiye ta a nan. Ban taɓa lissafa wannan ba sai da baƙo ya tambaye ni a kan tebur. Ni da aikina kullum lissafin iri da taki ne.

Na ga hanya mai sauƙi: a bar ta a Roni wurin Yaya Ado, ta kwana a can da gaske, ni in ci gaba da hawa motar haya. Na tafi ƙarshen mako na gaya masa a zaure. Ya yi murna sosai, ya ce zai samo direba. Sannan ya ƙara da cewa ranakun da babu asibiti sai ta riƙa ɗaukar masa 'yan buhuna zuwa Babura, wani lokacin ma a ɗan leƙa ƙetare, don can ana sayen gero da sefa. Na ce masa a hankali, inshorar ta motar gida ce, ba ta ɗaukar kaya ba, kuma tsallaka iyaka yana da tasa takardar daban. Na daɗe ina bayani. Ya bar ni na gama.

"Wai Baffa ka saya wa motar nan ko kamfani?"

"Yaya, ba haka ba ne, idan wani abu ya faru..."

"Wani abu ya riga ya faru, ƙanena. Yana kwance a ɗaki. Man da za a zuba mata, daga ina? Ranar da na kai shi asibiti ba na zuwa kasuwa. Kai kana aiko da kuɗi, Allah ya saka, ban raina ba. Ni kuwa mutum nake ɗauka."

Na miƙe na bar zauren. Na shiga wurin Baffa, Inna, mahaifiyarmu, tana ba shi kunu da cokali. Ya dube ni, ya yi ta kokawa da harshensa, sannan ya ce:

"Motar... ta zo?"

Na ce tana hanya. A gaskiya tana wurin dillali ƙura tana hawanta. Makonni ta yi a can. Nakan biya bayan an tashi aiki in zagaya ta in dawo, har yaran wurin suka fara gaishe ni da "mai ziyara".

Ofishinmu yana da reshe a Kazaure, kuma a lokacin akwai gurbi a can da kowa yake gudu, don an san wanda ya yi nisa da hedikwata ƙarin girma yakan manta da shi. Na san da gurbin tun da daɗewa, ban taɓa kallonsa a matsayin abin da ya shafe ni ba. Ranar da na kawo wa Mamanku maganar sai da na fara daga tsadar haya a Kano, na bi ta kyawun iskar Kazaure, na ratsa ta arahar nama. Ta ajiye almakashi.

"Ka faɗi abin da za ka faɗa."

Na faɗa.

"Shagon fa? In naɗe shi a ɗankwali in tafi da shi? Ummi fa, da jarrabawa a gabanta? Hajiyata fa, ita ba tsohuwa ba ce? Kai naka tsohon ne kaɗai yake ciwo?"

Na ce ban yanke komai ba, shawara ce, kuma mai yiwuwa ma ba za a ba ni ba.

"Haka kake yi. Sai ka gama yankewa a cikinka, sannan ka zo kana 'mai yiwuwa'."

Wannan ita ce maganar da har yau ba mu daidaita a kanta ba. Ni ina ganin da ta ce a'a da na haƙura, na biya kuɗin Kano, na ci gaba da zuwa Asabar. Ita ta ce da na haƙura da baki, na rame a tsaye har ta gaji ta yarda. Allah ya fi mu sanin wanne ne. Abin da na sani shi ne na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan. Ta daina yi mini magana sai ta dole. Na ga kamar ina shirin gyara gida ɗaya in rushe wani, kuma ban san yadda ake auna wannan ba.

Wata ranar kasuwar Kazaure ta bar Walida a Fagge, ta hau mota ita kaɗai ta tafi, ba ta gaya mini ba sai da ta dawo da la'asar, ƙafafunta duk ƙura. Ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ce:

"Na zaga garin. Na kalli abin da matansu suke sawa. Atamfa mai kyau, ɗinki kamar an yi da fushi. Akwai aiki a garin nan."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Kazaure, ba Roni ba. Gidanmu daban, mai ƙofar da mota za ta shiga. Ummi ta zauna wurin Hajiya har ta gama jarrabawa. Sannan takardar nan da ta hana ka barci, a sa sunana a ciki, a koya mini tuƙi. In dai da motar nan zan bar garinmu, ba zan zauna a bayanta kamar kaya ba."

Na ce tuƙi yana da haɗari, kuma a can ba a saba ganin mace a kan sitiyari ba, mutane za su yi magana.

"Su yi. Ka yarda ko in je in ɗora tuwo?"

Na yarda. Aka ba ni canjin wurin aiki cikin sauri har abin ya ɗan ba ni haushi, don ba wanda ya ce in sake tunani. Da muka kama haya a Kazaure na koma wurin Malam Sunusi na ce a rubuta Kazaure.

"Yauwa! Ai tun farko na gaya maka."

"A'a, tashi na yi. Can muka koma."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Da iyali? Saboda wannan?"

Ban tsaya yi masa bayani ba. Na ce a ƙara sunan maiɗakina a masu tuƙa motar. Ya tambaya ko ta daɗe tana tuƙi, na ce yanzu za ta koya, za a kawo lasisinta in ya fito. Ya sake lissafi, ya ce sabon direba yana da nasa ƙarin. Ku saurara da kyau a nan, musamman Sadiq: ƙarin da aka yi saboda Mamanku ya cinye ragin da aka yi saboda Kazaure, har ya ɗan ɗora. Ban taɓa samun rangwamen ko sisi ba.

Shekarar farko ta yi mana nauyi, ba zan ɓoye ba. Ummi takan kira ta ce lafiya lau, amma na san ita ta fi kowa biyan kuɗin wannan shawara, tana yarinya, ba a tambaye ta ba. Matan gari suna da telolinsu, suna kiran Mamanku "Bakanuwa", suna cewa ɗinkinta tsada. Akwai watan da ta sayar da keken ɗinki ɗaya. Ƙarin girman da nake jira aka ba wani da ya shigo aiki a bayana. Yaya Ado yana gaishe ni kamar baƙo. Nakan ga Mamanku zaune a sabon shagon ba kowa, tana kallon titi, sai in canza hanya don kada ta ga na gan ta. Abin da ya riƙe ni shi ne Baffa ya daina hawa acaɓa. Ranakun gashi nakan yi sammako in ɗauko shi daga Roni, in ajiye shi da Inna a asibiti, in leƙa ofis, in mai da su da azahar. Ina tuƙi a hankali ƙwarai. Baffa da bakinsa ya fara sakuwa, abin da ya fara faɗa mini a sarari shi ne:

"Jaki ya wuce mu."

Tuƙin Mamanku kuwa ba ni na koya mata ba. Mun gwada sau ɗaya a filin makaranta, ina ta ihun "birki, birki" tun ba ta tashi motar ba, ta kashe ta fita ta tafi gida da ƙafa. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta koya mata, ta kuma samu lasisinta. Takan kai Sadiq makaranta, takan je sayen zare. Amma ban taɓa kawo wa raina za ta ɗauki Baffa ba, kuma ku da kuka tashi a wannan zamanin sai na yi muku bayani. A gidanmu suruka ba ta zama wuri ɗaya da surukinta. Tun aurenmu, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ba ta kama sunansa, ba ya kama nata. In za ta wuce ta zaure yana nan, sai ta zaga ta baya. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma Baffa ya riƙe ta da ƙarfi.

Da damina ta zauna, aka tura ni Gwiwa rabon taki a motar ofis, da niyyar in kwana ɗaya in dawo da sassafe, don ranar ce babban likitan da yake zuwa jefi-jefi zai duba Baffa ya ce ko a ci gaba da gashin ko a canza. Ruwa ya sauka da asuba, wani kwari ya cika a kan hanyar ƙauyen da muke, direba ya ce sai ya janye. Na kira Yaya, ya riga ya tafi Babura. Na kira Mamanku in ce ta nemo wanda zai tuƙa.

"Mukullin yana hannuna," in ji ta.

Na ce hanya da taɓo, na ce ba ta taɓa fita wajen gari ba, na ce kuma Baffa ne fa, ta san yadda abin yake.

"Sunana yana takardar ko ba ya nan?"

"Yana nan, amma..."

Ta kashe wayar. Na yini a gindin wata bishiya ina kallon ruwa yana wucewa, ina lissafa duk ramukan da ke tsakanin Kazaure da Roni.

Abin da ya faru a can, Inna ce ta ba ni labari, kuma ta ba ni shi sau da yawa. Ta ce da Baffa ya ji wanda ya zo da motar sai ya juya fuska bango ya ce a nemo acaɓa. Mamanku tana tsaye a tsakar gida, ba ta shiga ba, ta ɗaga murya yadda zai ji:

"Inna, ki ce wa masu gidan nan likita ba ya jira, kuma ƙasa da santsi."

Can sai ya ce a miƙo masa hularsa. Maƙwabta suka kama shi suka sa shi a baya, Inna a gefensa. Mamanku ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta karkatar da madubin ciki don kada idonsu ya haɗu. Haka suka kama hanya, kowa yana magana da Inna.

"Ki ce a bi ta hagu, bayan tsamiyar nan akwai rami."

"Inna, ki ce an ji."

"Ki ce a taka, kada taɓo ya riƙe mu."

"Inna, ki ce a riƙe kujera."

Inna ta ce ita ko sau ɗaya ba ta maimaita komai ba, tana zaune dai tana jan carbi. Suka sami likita, ya ce ƙafar tana dawowa, a ci gaba. A hanyar komawa, da suka zo daidai gonarsa, Baffa ya ce:

"Ki ce a tsaya."

Aka tsaya, aka sauke masa gilashi. Gero ya kai ƙugu, ruwa yana ɗiga daga ganyensa. Rabonsa da ganin gonar a tsaye tun ranar da aka ɗauke shi daga cikinta. Inna ta ce ya daɗe yana kallo, Mamanku ta kashe injin ta jira har ya ce a tafi.

Na iso Roni da la'asar sakaliya, na tarar da motar a gindin darbejiya, taɓo har ƙofa, amma lafiyarta lau. Na zagaya ta, kun san ni. A cikin gida matar Yaya da wasu maƙwabta sun kewaye Mamanku, tana auna kafaɗar ɗaya da tef. Na shiga wurin Baffa na durƙusa, na fara ba shi haƙuri ina bayanin kwarin da ya cika. Ya katse ni.

"Ranar Alhamis ba sai ka zo ba. Ka je aikinka."

"Baffa, to wa zai kai ka?"

Ya kalli bango.

"Akwai mai kai ni."

Daga tsakar gida na jiyo muryarta:

"Inna, ki ce wa ɗanki ya zuba mai."

Ita ta ci gaba da kai shi. Ya taka da sanda kafin kaka ta zagayo, ya yi shekaru yana zuwa masallaci da ƙafarsa kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Har ya rasu bai kama sunanta ba, ita ma ba ta kalli fuskarsa ba, kuma ban san mutum biyu da suka fi su yawan hira ba. Takan dawo daga Roni bayan motar cike da atamfofin mata, daga baya har na Gwiwa da Yankwashi suka fara aikowa, ta sayi keken da ta sayar da wasu a kai. Ummi ta ci jarrabawarta ta zo ta same mu. Yaya Ado ya koma kasuwarsa cikakke, kuma wata rana ya aiko mana da buhun gero ba tare da saƙo ba, na gane an huce. Ban ce duk wanda ya yi irin abin da muka yi zai ga irin abin da muka gani ba. Wasu sun koma gida sun yi nadama, kuma ni ma akwai ranakun da na yi shakka.

Da na yi ritaya, ganin ku duk kun watsu, biyu a cikinku ma a Kano, sai na ga ya kamata in mayar wa Mamanku abin da na karɓa. Na same ta a shago, 'yan mata cike, kekuna suna ta ƙara. Na ce na yi tunani, babu abin da ya ɗaure mu yanzu, idan tana so, ba wai dole ba, mai yiwuwa mu koma birni. Tana riƙe da allura a baki, ta cire ta soke a ɗankwali.

"Ka koma in kana so, Baban Ummi," in ji ta. "Sai dai ka hau ta haya. Gobe ina da kai kayan biki Roni."